Ruwan farko ya wanke gari: me yake kai wa fadama?

Wani mai lambu a bakin fadamar Birnin Kebbi ne ya aiko da tambayar. Ya ce akwai tafkin da yake ban-ruwa da shi, lambatun unguwa na zubowa a ciki, kuma bara, washegarin ruwan farko, ya tarar da kifaye sun taso sun mutu. Ya ji ana zancen wasu sababbin sinadarai da ruwan sama ke kwasowa daga cikin gari. Yana so ya sani ko su ne suka kashe kifin, kuma in ya sa alif ya tafasa ruwan, ko ya gyaru.

Malam, Allah ya saka maka da alheri. Bari in fara da kifin, tunda shi ka gani da idonka.

Ka tuna yadda garinmu yake kafin damina ta faɗi. Tun daga watan Oktoba har zuwa Mayu, wata bakwai ko fiye, babu abin da ke wanke titi. Kashin dabbobi, ruwan wanke-wanke, jinin mayanka, ragowar abinci, abin da ya tsiyayo daga masai da sokawe, duk suna kwance a lambatu suna bushewa. Ran da ruwan farko ya sauka, tarin wata bakwai ne yake ɗauka a cikin awa guda ya juye maka a tafki. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da wannan ƙazanta suna shan iskar da ke narke a cikin ruwa, wadda ita kifi ke shaƙa, kuma da daddare abin ya fi tsanani saboda tsirran ruwa ba sa samar da iskar sai da hasken rana. Shi ya sa da asuba ake ganin kifi ya taso sama yana buɗe baki. A yawancin irin mutuwar da ka bayyana, wannan ne sanadi: kifin ya shaƙe ne.

Akwai alamar da za ka rarrabe da ita. In karfasa da ƙananan kifaye ne suka mutu, tarwaɗa ta rayu, to ƙarancin iska ne ya fi kusa, domin tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sarari. In kuwa har tarwaɗa ta mutu, kwaɗi da ƙwarin ruwa suka bi, kuma ka ga kifin yana juyi kamar mai farfaɗiya kafin ya mutu, sai a fara zargin maganin feshi. Ko wanne ne, kifin da ya mutu haka kada a ci, kada a banda shi a kai kasuwa. Wannan ina roƙo ne, domin na san ana yi.

Zatona ke nan game da kifinka, kuma ba sababbin sinadaran na fi tuhuma ba. Amma tambayarka ta taɓo abin da ya fi damuna a aikina, saboda su waɗannan galibi ba sa tayar da kifi sama ka gani. Aikinsu a ɓoye yake, kuma a hankali.

Kalmar sababbi ma tana ruɗarwa. Da yawansu sun yi shekaru gommai muna tare da su. Abin da ya sabunta shi ne injinan awo sun kai matsayin da suke ganin kaso ɗaya cikin tiriliyan, sai aka fara ganin abin da dama can yana nan, kuma dokokin ruwa na ƙasashe da yawa ba su riga sun sa musu iyaka ba. Labarin taya shi ya fi nuna wannan.

A yankin Siyatil da ke jihar Washintan ta Amurka akwai wani kifi, salmon nau'in koho, da ke barin teku ya hauro ƙananan rafuka ya yi ƙwai. Tun cikin shekarun 1990 aka lura cewa duk lokacin da aka yi ruwa, ruwan titi ya shiga rafi, kifin nan sai ya rikice ya mutu cikin 'yan awoyi, sau da yawa da ƙwansa a ciki. A wasu rafukan fiye da rabin masu haurowa ke mutuwa. Aka auna iska, lafiya lau. Aka auna ƙarafa da magungunan feshi da aka sani, babu wanda ya isa ya yi wannan ɓarna. Aka shafe shekara ashirin ana lalube. Sai a ƙarshen 2020 masana na Jami'ar Washintan suka kama ɓarawon, bayan sun tankaɗe sinadarai fiye da 2,000 da ke fita daga garin taya. Akwai wani sinadari, 6PPD, da kamfanoni ke zuba wa roba don kada taya ta tsattsage. Aikinsa ke nan, kuma yana tsare rayukan matafiya. Amma idan ya haɗu da iskar ozon sai ya rikiɗa ya zama wani abu dabam, 6PPD-kwinon, wanda ba a ma san da shi ba kafin nan. Awon da aka sake yi daga baya ya nuna nanogiram 95 a lita ɗaya ya isa ya kashe rabin kifin, nanogiram kuwa kaso ɗaya ne cikin biliyan na giram. In fassara maka wannan da abin da muka sani: cikin cokalin shayi ɗaya, kamar giram 5, zai iya lalata ruwan da zai cika tankar mai kusan 1,600, irin mai cin lita 33,000.

Guba ce mai zaɓe. Wani ɗan'uwan koho da ake kira cam yana cikin rafi ɗaya da shi, ruwa ɗaya suke sha, amma shi ba ya mutuwa. Saboda haka kada kowa ya ɗauki labarin Siyatil ya ɗora wa karfasar Kebbi kai tsaye. Abin ɗauka a ciki shi ne tayar da ke ƙarƙashin motarsu irinta ce a ƙarƙashin tirelar da ke ɗaukar shinkafa daga nan, da babur ɗin ɗan kabu-kabu. Tayar da ta suɗe har ta koma kamar tafin hannu, ina robar ta tafi? Tana kan kwalta ta zama ƙura, tana jiran ruwa. Mu kuma muna ƙara wa abin da namu: tsofaffin tayoyi jibge a wurin masu faci, taya a bakin rijiya, taya a kan rufin kwano don iska, ga kuma babbakar kai da ƙafa da wasu ke yi da wutar taya, wadda tokarta ke cike da zink da ragowar hayaƙi mai jawo ciwon daji. Sannan abin da ya shafe ka kai mai lambu: masana a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya sun shuka latas a ruwan da aka zuba wa sinadaran taya, suka tarar da su sun hau ta saiwa har cikin ganye. Abin da ya shiga cikin ganye wanki ba ya fitar da shi.

Na taɓa fakewa a rumfar wani shago ranar ruwan farko, kusa da wani gareji. Minti goma na farko ruwan da ke gudu a lambatu baƙi ne wuluk, da wani sheƙi a samansa mai launin bakan gizo, ledojin fiya wata na tafe a kai kamar garken tumaki. Ina tsaye wani yaron gareji ya fito da gudu da rabin jarka ta baƙin mai ya tuttule a ciki, ya koma yana murna ruwa ya rage masa aiki. Ban ga laifinsa ba, haka ya ga ana yi. A gidanmu ma ina yaro da baƙin mai ake kashe tsutsar sauro a kududdufi, ana zuba shi a masai don wari, kuma ni aka sha aika in karɓo. Bayan kamar rabin awa ruwan lambatun nan ya washe ya koma ja irin na ƙasa. Wannan rabin awa na farko shi ne mafi nauyin kaya, kuma in ka riƙe wannan kaɗai daga amsata ka riƙe abu mai amfani.

Sai magunguna. Ƙwayar da mutum ya haɗiya ba duka jiki ke cinyewa ba, wani kaso yana fita a fitsari da bayan gida da ƙarfinsa. Haka na dabbobi. A garin da ke da bututun ƙazanta da matatar tace shi, sau da yawa ruwan sama da ruwan masai kowa da hanyarsa. Mu a nan lambatu ɗaya ne ke ɗaukar duka, shi ya sa ruwan titinmu ya bambanta da na Turai: namu har da kayan kemis a ciki. A 2022 wani babban bincike da Jami'ar Yok ta Ingila ta jagoranta ya auna koguna 258 a ƙasashe 104. Waɗanda aka fi yawan samu su ne kabamazafin na farfaɗiya, da metfomin na ciwon suga, da kafiyin na shayi da kofi, kuma kogunan da suka fi ƙazanta suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne, irin su Lahor a Pakistan da Adis Ababa a Habasha, inda magani ya wadata amma tace ƙazanta bai wadata ba. Wannan siffa tamu ce.

Ba wai za ka sha ruwan tafki maganin wani ya bugar da kai ba, adadin bai kai nan ba. Abin tsoron yana wajen magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin kafson nan da ake saye ba takardar likita, ake kuma ɗura wa kaji da shanu. Idan ɗan kaɗan ɗinsu ya zauna a kududdufi tare da ƙwayoyin cutar da suka fito daga masai, bai isa ya kashe su ba, sai dai ya horar da su. Masu taurin kai su rayu su hayayyafa, su kuma miƙa wa 'yan'uwansu wannan taurin. Ran da yaro ya kamu da irinsu, a yi ta allura ba sauƙi. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. In kuma kana son ganin yadda magani mai amfani ke zama guba ga wata halitta, dubi diklofenak, maganin ciwon jikin nan da ke kowane kemis. A Indiya an riƙa yi wa shanu shi, ungulaye suka ci mushen, ƙodarsu ta lalace, fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'insu suka ƙare kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

Maganin feshi ba sabo ba ne, amma a Kebbi ba zan tsallake shi ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 noma ya bunƙasa, alhamdu lillahi, feshi ma ya bunƙasa tare da shi, har ya shigo gari: ana feshe ciyawar ƙofar gida da ta bakin lambatu, ana yayyafa fiya-fiya a ɗaki da shago. Atirazin, ɗaya daga magungunan ciyawa, Tarayyar Turai ta janye izininsa tun 2004 saboda ya riƙa ɓullowa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanke famfon feshi a bakin tafki, da jefar da kwalbar a nan, ko a ɗauraye ta a zuba man gyaɗa. Wankin famfo ɗaya a ƙaramin tafki ya isa ya yi irin ɓarnar da ka gani.

Akwai kuma dangin da ake kira PFAS, dubban sinadarai da ake sa wa kaya don kada ruwa ko maiƙo ya kama su: kaskon da abinci ba ya kamawa, rigar ruwa, wasu takardun naɗe abinci, kumfar kashe gobarar mai. Ba sa ruɓewa, rana ba ta cinye su, suna taruwa a jinin mutum shekaru, kuma an danganta wasunsu da ciwon dajin ƙoda da raunin garkuwar jiki. Yarjejeniyar Sitokhom ta taƙaita sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda Najeriya ke ciki, ta sa biyu daga wannan dangi a jerinta: PFOS a 2009, PFOA a 2019. A 2024 Amurka ta sa wa waɗannan biyun iyakar nanogiram 4 a litar ruwan sha. Mu ba mu da masana'antunsu a nan, hanyarsu zuwa gare mu ita ce bola, musamman wadda ake cinna wa wuta a bakin lambatu ruwa ya zo ya kwashe tokar. A lissafina suna bayan ƙwayoyin cuta da maganin feshi da baƙin mai wajen gaggawa, sai dai su in sun shiga ba sa fita.

Na san abin da ke zuciyar mutane da yawa: ai ruwan sama mai tsarki ne, kuma mun koya tun a makarantar zaure cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba. Wannan gaskiya ne a babinsa, babin alwala da wanka, kuma malamai ne masu wannan fage. Amma ko ruwa zai cutar da mai shansa wata tambaya ce dabam, kuma ido da hanci da harshe ba su isa su amsa ta ba. Mu mutanen wannan yanki mun biya kuɗin wannan karatu da tsada. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ana wankewa a bakin kududdufai. Ƙasar tsakar gidan ba ta canza kama ba. Iyaye suna ganin 'ya'yansu na sanƙarewa suna zaton zazzaɓi ne ko iska, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura aka auna jini. Allah ya jiƙan yaran nan. Dalma tsohuwar guba ce, kuma tana nan tafe ta wata ƙofa: batiran sola da na mota da ake fasawa a bayan shaguna ana zubar da ruwansu a ƙasa.

Ka kuma duba inda Allah ya ajiye mu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya cika dam ɗin Bakolori, ya haɗu da Rima a Sakkwato, sannan ya gangaro Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. Mu ne a gindin kwari. Abin da Gusau da Sakkwato suka wanke yana biyowa ta ƙofarmu, namu kuma mu miƙa wa Yawuri da tafkin Kainji. Ambaliya irin ta 2020 kuwa ba ta tsaya a lambatu ba, har masai da bola da rumbun magani ta shiga ta shimfiɗa abin da ta kwaso a gonakin shinkafa.

Yanzu batun alif da tafasawa. Ka ci gaba da yinsu, kada wani ya sa ka bari, domin kwalara da taifot su ne ke kashe mu yau da gobe, kuma tafasawa ko sinadarin kulorin na maganinsu. Alif yana tattara laka ya kwantar da ita, duk abin da ya manne wa lakar, kamar garin taya da wani kaso na dalma da ragowar mai, sai ya bi ta ƙasa. Wannan riba ce, in dai an zubar da gindin nesa da rijiya. Amma abin da ya narke ya zama ɗaya da ruwa, irin magunguna da atirazin da PFAS, alif ba ya kama yawancinsa. Tafasawa kuma ba ta taɓa dalma ko PFAS, hasali ma in ruwan ya ƙone ya ragu, su suna nan, sai su ƙara kauri. Abin da ke rage su shi ne matatar gawayi na musamman da aka sarrafa a masana'anta, ko injin tacewa mai matsa ruwa ta cikin fata mai tsananin laushi irin na wasu kamfanonin ruwa. Gawayin murhu bai kai wancan ba ko kusa. Saboda haka ruwan tafkin da lambatu ke shiga kada ya zama ruwan shan gidanka ko da ya yi garau. In ruwan indararo kuke tara, ku bar na farkon damina ya zube, kuma a kowane ruwa a bar na mintunan farko ya wanke kwanon kafin a tara randa.

Ga labari mai daɗi daga Siyatil ɗin nan dai. Da aka ɗauki ruwan titin da ke kashe koho aka bi da shi ta cikin cakuɗen yashi da takin da ya ruɓe, aka zuba kifin a ruwan da ya tsiyayo, bai mutu ba. Tun kafin a gano sunan gubar aka gano wannan. Ƙasa da saiwa da ƙananan halittun da ke cikinsu suna kama da yawa daga waɗannan abubuwa, suna narkar da wasu. Mu kuwa yashi da taki ba su ne suka yi mana wuya ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana cike kududdufan gari ana gini, ana zuba wa kowane lambatu siminti tun daga sama har gulbi. Lambatun siminti yana raba unguwa da ambaliya, amma yana kai kayan duka fadama da gudu, ba inda za su tsaya.

Masu hukunci suna da nasu. Hukumar NESREA mai tsare dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da jami'o'inmu na Kalgo da Aliero da Gusau, da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, in suka haɗa hannu suka ɗebi ruwan farko a manyan magudanan gari kowace shekara, suka fara da abin da injinansu ke iya gani, za mu san inda za a fara. Sarautar gargajiya ma tana da ƙarfin da ba a amfani da shi a nan. Al'ummar da ta iya hana kamun kifi a Matan Fada ta Argungu har sai ranar biki, al'adar da UNESCO ta karrama a 2016, tana iya hana wanke famfon feshi da juye baƙin mai a mashaya in Sarkin Ruwa da mai unguwa da liman suka yi magana da murya ɗaya.

Kai kuma, Malam, kafin damina ta faɗi ka je inda lambatun ke shigowa tafkinka. Ka haƙa rami mai faɗi marar zurfi a gabansa, inda ruwa zai huta laka ta kwanta, ka sa shingen kara ko raga ya tare leda. Daga ramin zuwa tafki ka bar fili mai ɗan gangare, ka cakuɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, ka dasa jema layi-layi a gicciye, saiwarta na nutsewa ƙasa sosai kuma tana jure ruwa da fari. Kada ka kawo kacalla, in ta kama tafkin za ta cinye. In da hali ka yanka 'yar hanya da za ka karkatar da ruwan farko da na biyu zuwa wani fili da ba a noma abinci, nesa da rijiya, ka buɗe wa tafki bayan nan. Lakar da ta taru a ramin, in rani ya yi ka kwashe ta, amma kada ka zuba ta a fangalin latas ko alayyafo don ka ga ta yi baƙi kamar taki. Wajen ban-ruwa ka bi da ruwan ta ƙasa, kada ka watsa a kan ganye, kuma gefen da ya fi kusa da bakin lambatu ka ba shi itatuwa, ka matsar da kayan ganye can ciki. In kifi ya sake tasowa, ka cika kwalbar gilashi mai tsabta har baki a ranar, ka rufe, ka sa a ƙanƙara cikin duhu, ka rubuta rana da lokaci da irin kifin da ya mutu da wanda ya rayu, ka kai sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa da kai kafin kwana biyu.